Bayani Kan Mellotron, Ga Mutanen Madarumfa Da Ba Su Tambaya Ba

A Madarumfa ana zancen abubuwa da dama. Ana zancen ruwan tabki, ko ya cika bana ko ya ja baya. Ana zancen kuɗin tarwaɗa da karfasa, da canjin naira da sefa a Ɗan Isa, da wanda ya ƙara aure da wanda aka hana. Abu guda ne aka yi wa shiru tun 1963, shi ne Mellotron. Shirun shekara 60 da ɗoriya ya isa haka nan. Garin da ke da kaburburan waliyyai 99, wanda sunansa ke cikin jerin wuraren tarihin da Nijar ta miƙa wa UNESCO tun 2006, bai dace a tarar da shi ba shi da matsayi a kan wannan magana ba.

Mellotron abin kiɗa ne mai madannai farare da baƙaƙe, irin na fiyano. Sai dai ba ya kiɗa, kuma masu shi ma ba su taɓa musun haka ba. A bayan kowane madanni akwai zaren kaset guda a rataye, tsawonsa kamar mita ɗaya da rabi. A kan zaren an riga an ɗauki wani mutum na gaske yana busa sarewa ko yana jan goge, amo guda tak, ba hawa ba sauka. In ka danna madanni, wata ƴar roba ta matse zaren a jikin ƙarfen da ke juyawa, zaren ya bi ta kan hed, sai ka ji mutumin ya fara. In ka ɗaga yatsa, sifirin ya fizgo zaren ya mayar da shi farko. Madanni 35, zare 35, hed 35. Rakoda 35 ke nan aka zuba a akwati guda, aka ce su yi haƙuri da juna.

Zaren ba ya zagayawa, kuma cikin sakan 8 yake ƙarewa. Aikinsa aikin guga ne: in igiya ta ƙare ta ƙare, sai an jawo sannan a sake zurawa. Sakan 8, ga wanda bai saba awo da shi ba, shi ne abin da mutumin Maraɗi ke ci daga "ina kwana" zuwa "ina gajiya", kafin a kai ga iyali, balle aiki, balle sanyi. Don haka masu kaɗa Mellotron suka koyi wata tafiya da yatsu: kafin zaren wannan yatsa ya ƙare ka sauke wancan, kafin na wancan ya ƙare ka koma wani. Mai kallo zai ɗauka gwaninta ce ake nuna masa, alhali gudun yankewa ake yi.

Asalin abin na wani Ba'amurke ne, Harry Chamberlin, wanda ya soma haɗa irin wannan akwati a ƙarshen shekarun 1940, ya sa masa sunansa, yana ƙerawa kaɗan-kaɗan a Kalifoniya. A 1962 dillalinsa Bill Fransen ya ɗauki guda biyu ya haye da su Ingila, yana neman wanda zai ƙera masa hed 70 masu murya iri ɗaya. Ya dace da wasu ƴan uwa uku a Birmingham, Les da Frank da Norman Bradley. Suka duba akwatin, suka ce ai hed kaɗai ya yi kaɗan, su za su iya ƙera duka abin, har su gyara shi. A nan Fransen ya gamu da mantuwa irin ta matafiyi: ya tuna da akwati biyu masu nauyin gaske, ya manta da sunan mai su. A 1963 Mellotron na farko ya fito. Labari ya kai kunnen Chamberlin, aka yi zama, a 1966 aka sasanta a kan dalar Amurka 30,000, kowa ya ci gaba da ƙera nasa. Duk wanda ya taɓa ba yaronsa kaya ya kai Jibiya, ya ji labarinsu a Kano, ba ya buƙatar ƙarin bayani kan wannan sakin layi.

Waɗanda suka tallata shi a Ingila su ne shugaban makaɗa Eric Robinson da David Nixon, wanda sana'arsa rufa-ido ce a talabijin. An zaɓi mutanen da suka dace. Samfurin 1964 yana da jerin madannai biyu, nauyinsa kusan kilo 160, kuɗinsa fam 1,000, a zamanin da ake sayen gida a Ingila fam 2,000 zuwa 3,000. Ba don filin wasa aka yi shi ba, don falon masu hali aka yi shi: hannun hagu ya danna madanni guda, ganguna da ƙahoni su tashi gaba ɗaya, hannun dama yana bi da waƙa, baƙi suna tafi. Gimbiya Margaret ta mallaki guda, haka Sarki Husaini na Jodan, haka ɗan wasan barkwanci Peter Sellers.

Yanzu sai maganar mutanen da ke cikin akwatin, wadda ita ce ta fi shafarmu. Sautin Mellotron da ya fi kowanne shahara shi ne na masu goge uku, kuma Chamberlin ne ya ɗauke su tun 1952. Aka zaunar da su, suka ja amo na farko tare, aka tsayar da su, suka ja na biyu, haka har aka gama jerin. Suka naɗe kayansu suka tafi gida. Daga ranar ba su huta ba. Sun yi wasa a Landan, sun yi a Jamus, sun yi a Japan, wani lokaci a dare guda. Faya-fayan da suke ciki an sayar da su miliyoyi, sunansu ba ya bayan ko guda. Ba wanda ya taɓa liƙa musu ko dala a goshi, saboda a duk wuraren nan ba su zo da goshi ba. Ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta hango inda abin ya dosa, ta yi ƙorafin cewa akwati zai ci abincin ƴaƴanta. Ba a saurare ta sosai ba, don ƙungiya ba ta da madanni.

Mutum ɗaya ne cikin waɗanda aka ɗauka ya nuna hali. Reg Kirby mai babban gogen Turawa ne, wanda ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Da aka zo amon da suka fi ƙarfin kayansa zurfi, aka ce ya sassauta tsirkiya, ya ce ba zai ɓata ɗaurin gogensa saboda akwati ba. Dole aka cike gurbin da wani gogen da ya fi nasa girma, wanda ake kaɗawa a tsaye. Har gobe, in aka gangara can ƙasan madannan, ana jin inda Kirby ya tsaya wani ya karɓa. Taurin kai kaɗan ne aka adana da kyau haka a tarihi.

Masu falo ba su daɗe suna sha'awar Mellotron ba. Samari masu dogon gashi ne suka ɗauke shi. Mike Pinder ya yi wata 18 yana aikin gwada Mellotron a masana'antar su Bradley kafin ƙungiyarsa ta Moody Blues ta yi suna, don haka ya zama makaɗin da in akwatin ya ƙi, ya san inda zai buga masa. A watan Fabarairun 1967 Beatles suka fitar da "Strawberry Fields Forever", kuma sarewar da ke buɗe waƙar ba sarewa ba ce, Paul McCartney ne ke danna madannai. A ƙarshen shekarar Moody Blues suka fitar da "Nights in White Satin". A faifan da waƙar take akwai makaɗan goge na gaske, akwai kuma na cikin akwati, kuma masu saurare da yawa sun yi shekaru suna yaba wa na gasken da aikin na akwatin. Brian Jones ya kaɗa shi a "2000 Light Years from Home" ta Rolling Stones. A Yulin 1969, ana saura kwanaki Amurkawa su sauka a wata, David Bowie ya fitar da "Space Oddity", Rick Wakeman na kan Mellotron. Shekarar nan dai King Crimson suka fitar da faifansu na farko, inda masu goge ukun nan na 1952, waɗanda aka ɗauka don nishaɗin falo, suka koma yi wa duniya bushara da tashin alƙiyama ba tare da an shawarce su ba.

King Crimson suka sayar wa Genesis guda cikin nasu, na hannu. Tony Banks na Genesis ya gina mabuɗin "Watcher of the Skies" na 1972 a kan amon da wannan akwatin ya fi iya furtawa. A wurina wannan ita ce ƙololuwar abin da aka yi da shi, kuma dalilin a fili yake: Banks ya daina gaya wa akwatin abin da yake so, ya koma tambayarsa abin da zai iya. John Paul Jones na Led Zeppelin ya sa shi a "The Rain Song" a 1973 da "Kashmir" a 1975. Tangerine Dream na Jamus suka cika faifansu na 1974 da shi.

Me ya sa sautin ke kama zuciya? Dalilan duk aibobi ne. Zaren ba ya gudu daidai, yana ɗan rawa. Kowane amo an ɗauke shi daban, don haka kowanne da irin makyarkyatarsa. Su ma masu gogen uku ba a kan layi guda cak suke ba. In ka danna madanni huɗu tare, mutum 12 kake ji waɗanda ba su taɓa jin juna ba, alhali su ukun nan ne dai. Abin da ke fitowa wani kuka ne mai nisa, mai sanyi, wanda makaɗan gaske ko an biya su ba za su iya yi ba, don su suna sauraren juna.

Sauran aibobin ba su da daɗin ji. A samfuran farko, in ka danna madannai da yawa injin ya ji nauyi, ya rage gudu, waƙar ta sunkuya gaba ɗaya. In wuta ta yi ƙasa, haka. In aka fito da shi daga mota mai sanyi aka shiga zaure mai zafi, raɓa ta kwanta a kan hed, zare ya manne. An ruwaito cewa Rick Wakeman, bayan shekaru yana fama, ya fitar da nasa biyu fili ya cinna musu wuta. A 1976 wata rikitar takardu ta raba masana'antar da sunan kayanta, ta koma sayar da shi da sunan Novatron. Sannan na'urori masu ajiye sauti a ƙwaƙwalwar kwamfuta suka shigo, Fairlight a 1979, Emulator a 1981, ba zare ba sifirin. A 1986 masana'antar ta rufe.

To, ya dace da Madarumfa? A bi abin daki-daki, ba son rai.

Sufuri ba matsala ba ne. Samfurin M400 na 1970, fari, wanda aka ƙera kimanin 1,800, kilo 55 ne kacal. Daga Maraɗi zuwa nan bai kai kilomita 30 ba, kuma an sha ganin kabu-kabu ɗauke da abin da ya fi haka, da mai kayan a samansa. Matsalar yanayi ce. Da hunturu ƙura za ta shiga hed 35, kowanne sai an bi shi da auduga. Da bazara zafi ya haura 40, roba ta saki. Da damina danshin tabki ya manne zare. Saura kaka, wadda ita ce lokacin da Mellotron zai yi aiki lafiya lau, sai dai kowa yana gona yana yankan gero. Wuta kuwa daga Katsina take tasowa, kuma takan iso a gajiye. In aka koma janareto, to janareton ne shugaban makaɗa: ya ja sama waƙa ta hau, ya yi tari waƙa ta yi tari.

Inda muka fi Ingila shi ne ma'aikata. Duk wanda ya yi wayo kafin zuwan memori ya san yadda ake zura biro a kaset a naɗe zaren da rakoda ta tauna, ya san goge hed da bakin riga da ɗigon turare, ya san haɗa zaren da ya tsinke. Abin da Mike Pinder ya yi wata 18 yana koya, yaran unguwa sun iya shi kyauta. Da a hannun mai gyaran rediyo na kasuwar Maraɗi akwatunan Wakeman suka faɗa, da ba a kai ga ashana ba. Da an ce ya dawo jibi, kuma da har yanzu yana dawowa.

Babbar matsalar ta kiɗan ce kanta. Kalangu ba ya tsayawa a amo guda. Makaɗi yana matse tsarkiya a hammata yana saki, sautin yana hawa yana sauka yadda maganar Hausa ke yi, shi ya sa mai kunne ke jin abin da kalangu ke faɗi. In ka ɗauki bugu guda ka ajiye a zare, ka kama bakin kalangun a buɗe ne kawai, ba ka kama maganar ba. Gogenmu ma haka, rabin daɗinsa a tsakanin amo da amo yake, wurin da fiyano ba shi da madanni. Ga kuma tsawo. Gefe guda na kaset mai minti 60 sakan 1,800 ne, wato zare 225 in an jera su, kuma Mamman Shata kan cinye gefen bai gama da mutum ɗaya ba. Uwa uba, akwatin bai san kowa ba. Alhaji zai shigo fili da babbar riga, ya tsaya inda haske yake, ya gyara hula, Mellotron ya ci gaba da abin da aka gaya masa a 1952. Bai san kakan Alhaji ba, bai san ya je Makka sau nawa ba. Abin kiɗan da ba ya ganin shigowar mai kuɗi, a ƙasar Hausa, kayan ɗaki ne.

Nijar tana da nata tarihin madanni da zare, sai dai ta raba su: madannin a gefe, zaren a gefe. Mamman Sani, wanda ya yi aiki da UNESCO, ya sayi wani fiyanon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla a hannun wani abokin aikinsa ɗan Ruwanda. Babu zare a cikin Orla, da lantarki yake haɗa sautinsa. A 1978 Mamman Sani ya shiga gidan rediyon ƙasa a Yamai ya ɗauki kaset guda, yana bi da salon waƙoƙin gargajiyar ƙasar a kan madannai. Kwafin da aka buga bai wuce kamar 100 ba. Amma rediyo da talabijin suka riƙa sa kiɗansa tsakanin shiri da shiri, shekara da shekaru, har ƴan ƙasa suka haddace shi ba su san na wane ne ba. Da yawa sun ɗauka haka gidan rediyo ke yi in ya yi shiru. Ta nan ya yi tarayya da masu goge uku na Kalifoniya, sai dai shi Allah ya yi masa gyaɗar dogo yana raye: wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da kaset ɗin a ma'ajiya a Yamai, ya nemo mai shi, a 2013 aka sake buga shi a faifan garmaho da sunan La Musique Électronique du Niger. Shekara 35 ke nan tsakani. Daga nan aka gayyaci Mamman Sani Turai ya kaɗa wa jikokin masu Mellotron, suna tsaye suna gyaɗa kai. Mellotron 1,800 ake kira abu mai wuyar samu. Kaset 100 kuwa sai a nemo masa wani suna.

Abin da ƙungiyar makaɗan Birtaniya ta ji tsoro ya iso mu, amma ta Kano ya biyo. Daga ƙarshen shekarun 1990 situdiyoyin finafinan Hausa suka rungumi fiyanon Yamaha, wanda shi ma sautin kayan kiɗa ne a ajiye a cikinsa, sai dai a ƙwaƙwalwa maimakon zare. Zamanin fim ɗin Sangaya, 1999, yaro ɗaya da yatsu goma ya zama mai sarewa, mai ganga, mai goge. Yau a gidan biki daga Madarumfa har Gabi, fiyano da lasifika ne ke cin kasuwar da dā ta masu kalangu ce. Jikan Mellotron ne, ba ya tsinkewa, ba ya jin ƙura, kuma an magance masa matsalar Alhaji ta hanyar ɗora masa mawaƙi mai makirfo da idanu.

A Turai kuwa, da aka samu na'urar da ba ta kuskure, sai aka fara kewar mai kuskuren. Oasis suka sa Mellotron a "Wonderwall" a 1995, Radiohead suka sa muryoyinsa a faifansu na 1997, tsofaffin akwatunan da aka yasar a rumbu suka yi tsada, har aka koma ƙera sababbi. Yanzu akwai manhajar kwamfuta da ake saya da kuɗi, wadda injiniyoyi suka yi wa aiki tuƙuru don ta riƙa rawar zare, ta riƙa shuu, ta kuma yanke a sakan 8 daidai, ko da yake babu abin da zai hana ta kaiwa gobe. Akwai kuma masu bin faifai ɗaya-ɗaya suna tantance wanne ne Mellotron na gaske, wanne ne na kwaikwayo, kuma hujjarsu ita ce na gasken ya fi lalacewa. Bisa wannan ma'auni, kwalin kaset ɗin da ke ƙarƙashin gadon kowane tsoho a garin nan, wanda rana ta gasa, ƙura ta ci, muryar Ɗan Maraya ke rawa a ciki, ya riga ya kai matakin da Turawa ke biya a kai su. Kada a zubar. Kada kuma a gyara.

Saura yadda za a gane shi, ko da wani zai ci karo da shi a rabon gado. Fari ne, tsayinsa ya kai ƙugu, yana da wayar wuta. A ƙirga madannan: in sun haura 35 a jeri guda, fiyano ne, a ba yara. In 35 ne cif, a kira shaidu biyu, a buɗe bayan a hankali. In an ga zare a rataye layi-layi, kada kowa ya ja, kada a kunna, kada a bari mai gwangwan ya ji labari. In kuwa babu madanni ko ɗaya, aka buɗe aka tarar da ƙanƙara da jus ɗin bisap, firiza ce, kuma ta maƙwabta ce, a mayar musu.